Siririyar Taya a Ƙasar Tsidau

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma labarin wani ciniki za mu ba ku, wanda har yau in aka tayar da shi a gidanmu sai ɗaya ya yi dariya ɗaya ya yi tsaki.

Mu biyu ne, 'ya'yan wa da ƙani. Gida ɗaya muka tashi a Gummi, akushi ɗaya muka ci. Da muka gama difloma muka dawo gida, aikin gwamnati bai samu ba, sai babbanmu ya kama koyarwa a wata makarantar kuɗi da ke can ƙarshen gari, ƙaraminmu kuma ya zauna rumfar POS a bakin kasuwa. Abin da ke shigowa bai taka kara ya karya ba, ga shi kullum sai an hau kabu-kabu zuwa da dawowa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kuɗin hawa mashin bai sake zama wuri ɗaya ba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta haura 1,000. Ɗan kabu-kabu ba shi da laifi, shi ma saye yake yi. Wata rana da dare muka zauna da biro da takarda, muka ga abin da muke ba masu mashin a wata ya kusa cinye kashi ɗaya cikin uku na albashin babbanmu. Nan muka yanke shawarar sayen keke, mu riƙa karɓa-karɓa.

Har zuwa nan hankali ne ke jan ragama. Inda ya sauka ya bar mu shi ne wajen zaɓen irin keken.

A watan Yulin 2024 wani ɗan ƙasar Eritiriya mai suna Biniam Girmay ya ci zango uku a gasar tseren keke ta Faransa, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya taɓa cin ko da zango ɗaya a wannan gasa. Bidiyonsa ya yi ta yawo a waya, mu kuma muka yi ta kallo har data ta ƙare. Mutum ya duƙa a kan wani siririn abu mai kai lanƙwashe kamar ƙahon rago, yana keta iska ba hayaƙi ba ƙara. Daga nan muka gano ashe ko maƙwabtanmu na Burkina Faso suna da tasu gasar da suke yi tun 1987. Muka ce ai mu ma Afirka muke.

Wannan shi ne dalilin da muke faɗa wa mutane. Akwai wani kuma da ba mu faɗa ba, ko a tsakaninmu, sai daga baya da rai ya ɓaci. A garinmu in aka ga mai difloma a kan Phoenix da kariya a baya, an gama karanta shi: boko bai yi rana ba. In kuwa aka gan shi a kan keken tsere, sai a ce motsa jiki yake yi, irin na wayayyu. Keke ɗaya yana shelar babu, ɗayan yana shelar ra'ayi. Mu kuwa babun ce ta kai mu, amma ra'ayin muke so a gani. Manya suna ba da labarin ministan sufuri na zamanin Obasanjo, Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawa keke, har ya hau nasa zuwa aiki a Abuja a 2001 wata bas ta ture shi cikin kwalbati. Shi minista ne, ko ya faɗi ba wanda zai ce rashin kuɗin mota ne. Irin wannan faɗuwar muke so mu ma, in har sai an faɗi.

Ana cikin haka wani abokin karatunmu ya ɗora hoton keke a WhatsApp. Na wani mutum ne a Anka da ke saro kayan Beljiyam daga Kano: dutsen guga, fanka, kekunan yara, tukwanen lantarki. A cikin kayan da ya kwaso ne wannan ya faɗo, shuɗi mai duhu, tayoyi kamar tsinke. Babbanmu ya kwashi adashinsa, naira dubu 50. Ƙaraminmu ya tattaro dubu 20. Sauran kuwa Inna ce ta sa aka kai akuyarta kasuwa, ta ce rance ne, kuma ta maimaita kalmar sau biyu don kada wani ya ce bai ji ba.

Wanda bai san yankinmu ba zai ɗauka zuwa Anka daga Gummi abu ne na tashi ka je ka dawo. Tafiyar ta haura kilomita 80, kwalta ce, ka wuce Daki Takwas, ka ratsa ƙasar Bukkuyum ta Nasarawar Burkullu, sannan ka shiga ƙasar Anka. A da haka take. Yanzu kuwa kafin ka shiga mota sai ka tambayi direbobin da suka iso ko hanya lafiya, kuma akwai wuraren da in aka zo hira kan mutu a cikin motar ba tare da kowa ya ce a yi shiru ba, kowa bakinsa na motsi. Ba a fita da duku-duku, ba a kuma yarda yamma ta yi wa mutum a hanya. Mun kawo wannan ne domin ya shiga cikin cinikinmu kai-tsaye. Mun isa Anka wajen sha ɗaya, kuma mun san lallai kafin La'asar mu kasance cikin motar komawa. Mai saye da ke duban agogo ya riga ya faɗi rabin ciniki, mai kaya kuma ya san da haka ko ba a gaya masa ba.

Ga yadda muka duba keken, don ku yi dariya ku ƙoshi. Mun ɗaga shi da hannu ɗaya muka jinjina rashin nauyinsa. Mun ƙirga haƙoran giya, biyu a gaba shida a baya, muka ce giya 12 ke nan. Mun ga an rubuta Shimano a jikin abin sauya giyar, sunan da muka sha gani a bidiyo, muka kalli juna. Mun juya tayar baya muka saurari ƙarar nan mai daɗi, tik-tik-tik. Akwai wata 'yar takarda manne a jikinsa da adireshin wani shago cikin harshen da ba mu iya karantawa ba, ita ma ta ƙara masa kwarjini a idonmu. Ƙaraminmu ya hau ya zagaya ƙofar gidan, tazarar da ba ta fi taku talatin ba, ya sauka ya ce lafiya lau. Sai hotuna. Abin da bai zo mana a rai ba shi ne mu durƙusa mu dubi ƙarfen da kansa, ko mu tambayi kanmu wa zai gyara shi in ya lalace, da me kuma.

Mai kaya ya sa suna dubu 120. Muka taya 70, ya ce albarka. Abokin namu da ya zama dillali ya yi ta kai gwauro yana kai mari, aka tsaya a 85, da la'adarsa dubu 2. Da za a ɗaure keken a but, direba ya tambaye mu takardar saye. Muka ce wace takarda? Ya ce shi ba zai ɗauki abin da za a tsayar da shi a shinge a kansa ba. Dole muka koma aka yago takarda daga littafin makaranta aka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu, kuma direban ne ya nuna mana cewa akwai lamba da ake bugawa a ƙarƙashin keke, daidai inda feda ke juyawa, ya ce a rubuta ta. Allah ya saka masa. Sau biyu aka nemi takardar kafin mu iso gida.

Yaran unguwa suka rako mu har zaure. Inna ta fito ta zagaya keken sau ɗaya, ta taɓa tayar da ɗan yatsa, ta ce, “Wanga ɗan tsiririn abu shi na akuyata?” Ba wanda ya amsa.

Washegari babbanmu ya fara fita da shi, kuma a ranar ya faɗi. Duk kekunan da muka koya da su muna yara, na haya da na gida, birkin hannun hagu na baya ne, na dama na gaba. Hannu ya riga ya haddace: in abu ya taso, matsa hagu. Shi wannan an ɗaura shi ne a kan tsarin yawancin ƙasashen Turai, hagu gaba, dama baya. Akuya ta gifta a gaban mai shayi, malam ya damƙe hagu da ƙarfinsa, tayar gaba ta tsaya cik, shi kuma ya ci gaba da tafiya ta saman ƙahon. Gwiwa ta ɗaye, wandon zuwa aiki ya yage, ɗalibansa biyu na wurin. Ita giyar ma sai da muka kwana biyu kafin mu gane ba a sauya ta a tsaye, sai ƙafa na juya feda, kuma 'yan sandunan sauyawar a jikin ƙarfen ƙasa suke, sai ka saki hannu ɗaya ka sunkuya ka laluba, ido na kan hanya.

Rana ta uku taya ta sace. Tsidau ne, ɗan ƙanƙanin nan mai ƙahoni da ke kwance a gefen kowace hanya bayan damina, wanda tayar Phoenix ke takawa ta wuce ba ta san an yi ba. Muka tura zuwa wurin mai facin bakin titi. Ya liƙe hujin cikin minti biyar, ya ɗauko famfo, sai aka tsaya kallon-kallo. Bawul ɗin siriri ne dogo, da ɗan kai da ake murzawa, ba irin na mashin ba, ba kuma irin na kekunanmu ba. Duk bakin famfon da ya gwada iska ta gefe take fita. Ya naɗa roba, ya danna da yatsa, ta ɗan shiga kaɗan. Ita kuwa siririyar taya tana son iska kusan ninki biyu na abin da ake ba ta Phoenix, in ba ta samu ba, ramin farko da ka faɗa gargaren zai cije tib ɗin ya yi masa huji biyu a jere. Haka aka yi kafin mu kai gida. Mai facin ya ce mu kai wa Baba.

Baba tsoho ne da ke gyaran keke a gindin wata bedi tun kafin a haifi iyayenmu mata. A wurinsa rabin mazan unguwarmu suka koyi hawa, lokacin yana ba da haya. Shi mutumin Raleigh ne, Rali in ji shi, keken Ingila da a zamaninsu malamin makaranta ko malamin gona kan yi tanadin watanni kafin ya mallaka, a yi masa ado da madubi da ƙararrawa, a goge shi ranar Juma'a kamar doki. Ya ga shigowar na Sin da na Indiya, ya ga yadda mashin ya zo ya kwashe masa kasuwa har ya koma gyaran kekunan yara da baro. Ya ce sau biyu sana'ar ta farfaɗo a hannunsa: a 2021 da gwamnatin Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita hawa mashin da sayar da mai aka kuma katse layukan waya, sai kuma yanzu da mai ya gagara. Mutane suna ta zaƙulo tsofaffin kekunan iyayensu daga rumbu da bayan ɗaki suna kawo masa.

Bai ɗaga keken ya ji nauyinsa ba, bai ƙirga giya ba. Wani maganaɗisu ya ciro daga aljihu, na tsohuwar lasifika, ya kai jikin ƙarfen, ya manne.

“Kun yi sa'a guda,” ya ce. “Ƙarhe na. Da alminiyam na, in ya tsage babu mai walda garinga da ka iya kama shi.”

Muka fara murmushi. Sai ya durƙusa, ya sa babban yatsa a ƙarƙashin ƙarfen da ya gangaro daga wuyan keken, ya shafa a hankali, ya tsaya.

“Samari, ku taho ku taɓa nan.”

Muka taɓa. Wani ɗan tudu ne, fentin wurin ya tattare kamar fatar tsohuwa. In ba ka san da shi ba ba za ka gani ba, in kuwa an nuna maka ba za ka sake daina gani ba.

“Wanga keke ya sha karo, da gaba. Ko mota, ko bango. Ku dubi fok ɗin.”

Fok shi ne ƙafafun nan biyu da ke riƙe da tayar gaba. Ya ja mu gefe muka hango shi daga nesa kaɗan, sai ga shi ya ɗan koma baya maimakon ya bi layin wuyan, ƙafa ɗaya kuma ta fi ɗaya komawa. Ya kama sirdin da hannu ɗaya ya tura keken a fili, kan ya karkata dama da kansa. Ya sake, ya sake karkata. Babbanmu ya ce shi ya sa kafaɗarsa ke ciwo, ashe kwana uku kokawa yake yi da keken bai sani ba. Baba ya nemi ya ɗaga sirdin don ya dace da tsawonmu, sandar ta ƙi motsi, tsatsa ta haɗe ta da ƙarfen. Ya ja sarƙa daga jikin babban faranti na gaba, ta taso har ana hango haske a ƙarƙashinta, alamar ta gama cinyewa. Duk wannan bai ɗauke shi minti goma ba, kuma ba abin da ya yi amfani da shi sai yatsa da ido da guntun maganaɗisu.

“Nawa kunka biya?”

Muka faɗa. Bai ce komai ba, ya dai gyara zaman hularsa. Da zagi ya yi da ya fi mana sauƙi.

“Baba, da mun sani da mun zo da kai,” in ji ƙaraminmu.

“Da kun tambaya dai. Ni ba ni zuwa Anka yanzu ko an ba ni kujerar Makka. Amma da na hwaɗa muku inda za ku taɓa.”

Tayar baya ta riga ta tsattsage a gefe, dole a sauya. A jikinta an rubuta 28, ga tayoyin Phoenix kuma birjik a kasuwa su ma 28. Ƙaraminmu bai jira Baba ba, ya je ya sayo ɗaya da kuɗin cinikin ranar. Aka zo sawa, ta shige gargaren ta fito ta ɗaya gefen kamar zoben uwa a yatsan jariri. Sai da muka koma intanet muka gane cewa 28 ɗin suna ne kawai. Lambar gaskiya tana nan a gefen taya da ƙananan baƙaƙe: ta keken tsere 622, ta su Rali da Phoenix 635, wato faɗin bakin gargaren da milimita. Bambancin milimita 13 ne, bai kai faɗin ɗan yatsa ba, amma ko za a shekara ana dabara ba za ta zauna ba. Mai shago ya ƙi karɓar tayarsa, ya ce an ɓare leda. Tana nan rataye a ɗakinmu. Mun bincika Gummi kaf ba mai 622, muka sa aka duba a kasuwar Nasarawa, babu. Sai wani direba da ke zuwa Kano muka ba kuɗi da hoton lambar, muka jira mako biyu, keke na jingine a zaure, mu kuma mun koma wa kabu-kabu da sauran canjin da ba mu da shi.

Mu da ke rubutu bai kamata wannan ya zo mana baƙo ba. Sau nawa muke ganin wani salo a littafin wata ƙasa ya burge mu, mu kwaso shi ɗungurungum mu dasa a labarin da ke faruwa a Gummi, mu zo muna mamakin me ya sa mai karatu ya ajiye a shafi na uku? To wannan zance ne na wani makon.

A cikin makonnin jiran ne muka kira mai kaya. Mun shirya maganarmu tsaf. A makarantar zaure an karantar da mu babin ciniki na Risala, mun san an hana ɓoye aibin haja, mun kuma san mai saye na da damar mayar da kaya in ya tarar da tsohon aibin da ba a nuna masa ba. Babbanmu ya jero wannan duka. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Malam, wallahi ni ban san keke ba. A dila na saye shi haɗe da fankoki. Kun zo da ƙafarku, da rana tsaka, kun duba, kun hau, kun ce ya yi. Abin da ke fili ai ba a ce an ɓoye shi ba.” Muka ce ai ba a fili yake ba, sai an shafa. Ya ce to wa ya hana ku shafawa? Har yau ba mu san ko ya san da karon ba. Ɗayanmu na ganin ya sani, don ya lura da yadda ya jingine keken ta gefen da inuwa take. Ɗayan na ganin mutumin da ke sayar da dutsen guga ba zai san fok ba ko an buga masa a ka. A ƙarshe ya ce in mun kawo keken Anka zai karɓa a dubu 60, ko kuma ya turo mana dubu 5 don zumunci. Muka lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa da kuɗin kaya, da ita kanta hanyar, muka karɓi biyar ɗin.

Daren nan ne muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba tun muna yara. Ƙaraminmu ya ce a sayar ko da asara a sayi Phoenix na hannu, wanda zai ɗauki buhu, ya ɗauki jarka, ya ɗauki Inna zuwa asibiti in ta kama. Babbanmu ya ce ba zai sayar ba. Aka ce don me? Ya yi ta kawo dalilai, sauri ne, rashin nauyi ne, har dai ƙaramin ya ce masa, “Yaya, faɗi gaskiya, kunyar kariya kake ji.” Babban ya ce, “Kai da ka yi ta ɗora hotonsa kafin mu baro Anka fa?” Kowa ya faɗi gaskiyar ɗan'uwansa, ba wanda ya faɗi tasa. Kwana biyu muna gaisawa sama-sama. Inna ba ta shiga ba, abin da kawai ta ce shi ne ita dai akuyarta tana da ciki lokacin da aka sayar.

Akwai wani buri da muka ɗauko tun ranar da muka ga hoton, wanda shi ma sai da ya mutu. Mun ƙudura cewa wata rana ɗayanmu zai taka keken nan daga Gummi har Anka, a ɗauki bidiyo, a rubuta labarin tafiyar. Abin da aka ƙera shi domin shi ke nan, doguwar kwalta miƙaƙƙiya, kuma muna da ita a bakin ƙofa. Da zancen ya kai kunnen Inna sai ta kira mu su biyu, ta ce duk wanda ya wuce shingen ƙarshe na bakin gari a kan wannan abu bai yi da yawunta ba. Ba mu yi musu ba, don mun san abin da take gani. Mai mota ma da ke gudu da addu'a yake wucewa, balle mutum shi kaɗai a duƙe, cikin riga mai ɗaukar ido, ba abin da zai kare shi sai feda. Hanyar da keken ke so tana nan amma ba tamu ba ce yanzu. Wadda ta rage mana ita ce ta cikin gari: rairayi, kwata, ramukan da ambaliyar watan Agustan 2024 ta bari, da tsidau.

Da tayoyin suka iso, Baba ya karɓi aikin. Mun ce wa direban ya nemo mafi faɗi da zai samu a 622, ya kawo masu milimita 32, suka shiga da ƙyar, saura ƙiris su goga. Baba ya cire fok ɗin ya ɗaure a jikin wani ƙarfe, ya zura bututu ya riƙa ja kaɗan-kaɗan yana aunawa da zare, yini guda. Ya faɗaɗa hujin gargaren ya karɓi bawul irin na mashin, yanzu kowane mai faci na iya ba shi iska. Ya yanka tsohon tib ya shimfiɗa a cikin tayar don rage wa tsidau ƙarfi. Ya juya wayoyin birki, hagu ya koma baya. Sandar sirdi ya yi ta ɗiga mata baƙin mai da kananzir har kwana biyar kafin ta saki. Tudun nan na ƙarƙashin wuya kuwa ya ce ba shi da magani, ƙarfen da ya lanƙwashe ya lanƙwashe, mu dai riƙa dubawa duk mako, ranar da muka ga tsaga ko da kamar gashi ce a sauka a ajiye. Da muka haɗa lissafi, da kuɗin mota da tayar da ba ta yi ba da sabuwar sarƙa da ladan Baba, abin da muka kashe ya isa ya sayi Phoenix na hannu mai lafiya a dawo da canji.

A ƙarshe ƙaraminmu ya sa Baba ya ɗaura masa kariya. Babbanmu ya gani bai ce uffan ba, washegari ma shi ya fara ɗaure littattafan ɗalibai a kai. Yanzu keken ya zama wani abu da ba shi da suna, kai na tsere, baya na dako. Yana zuwa makaranta da safe, ya dawo rumfa da rana, kuma gaskiya ko a haka ya fi duk wani keke da ke unguwar sauri. Kuɗin kabu-kabu ya tsaya. Inna mun biya ta rabi. Wani lokaci bayan sallar Asuba ɗayanmu kan hau kwalta ya sa babbar giya, ya duƙa, ya ji abin da aka yi keken dominsa na 'yan mintuna, har ya hango shingen bakin gari, ya ɗaga wa jami'an hannu, ya juyo.

Makon jiya wani yaro da ya gama sakandare ya tare ƙaraminmu a rumfa, ya ce yana son keken, babansa ya yarda ya ba shi kuɗi. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ƙirga giya, ya juya tayar baya ya kasa kunne. Ya taya dubu 95 ba a ma sa suna ba. Kuɗin zai rufe bashin Inna har a samu na ɗora wa Phoenix. Da dare muka zauna a kai, muka daɗe ba wanda ya ce a sayar ko kada a sayar, don kowa ya san ba nan tambayar take ba. Da safe muka kira yaron muka ce ya same mu gindin bedi. Baba ya kama yatsansa ya kai ƙarƙashin wuyan keken, ya ce ya shafa. Yaron ya shafa, ya sake shafawa, ya tambayi ko me ke nan, aka gaya masa duka, har da zancen 622 da mako biyun jiran taya daga Kano. Ya yi shiru, ya ce zai je ya yi shawara da babansa. Yau kwana shida ke nan, bai dawo ba, lambarmu kuma tana wurinsa.